Minti Goma Sha Biyu a Coimbra

Gaspar, ajiye takardun nan ka sha kofinka,
jirgin ƙasa bai kai Coimbra ba tukuna.
Tun daga Aveiro kake haddar shafi guda,
leɓenka na motsi kamar mai lazimi.
Bari in faɗa maka abin da za ka tarar.

Za su rataya maka kati a wuya,
sunanka da harafi ɗaya a karkace.
Kada ka gyara. Shekara ashirin da bakwai
ina amsa kira da Ermalinda
alhali Ermelinda aka raɗa mini,
kuma ga ni, ban mutu ba.

Za su ba ka jaka da biro marar tawada
da jadawali mai kaurin bulo.
Zama shida a lokaci guda,
biyun da kake so sun yi karo,
ɗaya a hawa na uku, ɗaya a ƙetaren fili,
matakalar jami'ar nan kuwa ba ta san gwiwa ba.

Shekara huɗu ka yi kana tonon toka
a tsaunin Lousã, inda gobara ta lashe daji,
kana auna yadda ƙasa ke farfaɗowa.
Minti goma sha biyu za a ba ka.
Giwa ce za ka cusa a akurkin kaji.
Majigi zai yi gardama,
koren taswirarka zai fito ruwan ɗorawa,
mai kula da lokaci zai ɗaga maka kwali
tun kana tsakiyar gaisuwa.

Sai tambayoyi.
Farfesa Albano Quental zai miƙe a sahun gaba,
ya ce, "Tawa ba tambaya ba ce, tsokaci ne,"
ya kwashe minti shida yana karanto kansa.
Ka ce ka gode. Ka sha ruwa.
In an tambaye ka abin da ba ka sani ba,
ka ce ba ka sani ba.
Rufin ɗakin ba zai rufto ba, na gwada.

Amma ba a nan gizo ke saƙar ba.

Ranar tawa ta farko, bayan cin rana aka sa ni,
kowa ya ƙoshi da kifi mai gishiri da dankali.
Mutum bakwai a ɗaki mai kujera ɗari,
biyu na gyangyaɗi, ɗaya ɓatan hanya ya yi.
Na gama, aka tafa mini tafin sadaka.
A layin kofi wata mata ta taɓa kafaɗata,
Uxía, daga Ourense, gashinta a hargitse,
ta ce, "Lissafinki na shafi na bakwai ba daidai ba ne."
Na shiga bayi na yi kukana.
Na fito, tana nan tsaye da kofi biyu,
ta zana mini gyaran a bayan rasit.
Shekara ashirin muka yi muna haƙa rami ɗaya.
Bara muka binne ta.
Rasit ɗin na cikin jakar nan.

Saboda haka, in an tashi hutu,
kada ka laɓe bayan ginshiƙi kana latsa waya.
Je wurin yaron da ke tsaye gaban fostarsa
tun safe ba wanda ya tsaya masa.
Tambaye shi abu ɗaya. Ka saurara.
Wataƙila ka koma gida da ƙafa a kumbure,
da katuna tara da ba za ka sake dubawa ba,
da suna guda ɗaya.
Ya isa.

Ga Mondego can, ka ga ruwan ya ja baya.
Ɗauko jakarka.
Akwai sauran toka a ƙarƙashin farcenka,
goge ta.
A'a, bar ta. Su gani.